Ƙofar Garke a Song-Kol

Ina da shekara bakwai babana Kubat ya ba ni ƙofar garke.
Ba tumakin ya ba ni ba,
igiya ɗaya ce da ƙulli ɗaya.
Ya ɗaure sau uku ina kallo, ya kwance, ya ce in gwada.
"Daga yau taki ce, Meerim.
Ba zan biyo bayanki in duba ba."

Bai kuwa duba ba.
Na sha leƙensa ta kafar bukkarmu ta gashin tumaki,
yana kurɓar shayi, ya ba garke baya.

A bakin tafkin nan sanyi ba ya zuwa hutu,
ko da bazara ciyawa kan kwana da ƙanƙara.
Wata yamma kawunnaina suka hauro daga Narin
da alewa a aljihu, da rediyo mai batir.
Na rataya igiyar kawai, na ce sai an jima.
An jima ya zama barci.

Da asuba aka ƙirga, aka sake ƙirgawa.
Uku babu.

Ƙanena Talant bai iya musu ba tukuna,
saura ƙiris harshena ya ɗora masa kayan.
Inna Cholpon tana tatsar goɗiya, ko ɗagowa ba ta yi ba,
ta ce wa ƙwaryar nonon,
"A gidan nan, wanda ya faɗa da bakinsa
ya biya rabin bashi."

Na faɗa, da murya irin ta ɗan tsako.

Ga bulala rataye a sirdi, Baba bai kalle ta ba.
Ya ce, "Sa takalmi. Wanda ya buɗe shi ke nema."
Ya ɗora ni a gaban doki,
muka bi sawu har cikin kwazazzabo.
Biyu na maƙale da dutse suna rawar ɗari.
Ta ukun, kyarkeci ya riga mu.
Bai rufe mini ido ba,
bai kuma ce "kin gani ko" ba.
Ya jira kukana ya ƙare don kansa,
ya ciro ƙararrawar wuyanta ya sa mini a tafi.

A hanyar gida ya ba ni labarin
maraƙin da ya manta a bakin kogi yana yaro,
da kwana biyun da ya yi yana ƙarya a kai.
Ya ce kwana biyun sun fi maraƙin nauyi.

Da magariba na raɓe nesa da garke,
ina jiran a miƙa wa wani igiyar.
Ya wuce ni da bokiti a hannu:
"Rana ta faɗi. Ƙofarki na jira."

Yau ina Bishkek, bene hawa na shida,
ko tunkiya ɗaya ba ni da ita.
Ɗana Ermek ke rataye da makullin gida a wuya.
Shekaranjiya ya bar famfo a buɗe,
ruwa ya ratsa har silin tsohuwa Burul da ke ƙasanmu.
Hannuna ya tashi sama ban aike shi ba.
Na kalle shi, na sauke.

Muka sauka da tsumma da bokiti.
Shi ya ƙwanƙwasa, shi ya yi bayani,
ni ina bayansa, na cije leɓe don kada in taya shi.
Kuɗin fenti daga asusunsa za su fita,
som hamsin duk Juma'a, har bango ya yi fari.
Da dare na ba shi haƙuri a kan hannun da na ɗaga,
ya ɓata rai kaɗan, sannan ya nemi ƙarin miya.

Makullin na nan a wuyansa.
Ƙararrawar tana cikin aljihun tebur,
tsatsa ta cinye mata murya.
Gobe zan nuna masa ita.